Tambayi Likita: Bam Ɗin Nutron da Jikin Ɗan Adam

Likita, wai da gaske akwai bam da ke kashe mutane ya bar gidaje a tsaye? (Malamin makaranta daga Zariya)

Malam, an taɓa ƙera shi, amma an yi wa labarin gishiri. Sunansa bam ɗin nutron, wanda Ba'amurke Samuel Cohen ya kawo dabararsa a 1958. Bam ɗin nukiliya na yau da kullum, rabin ƙarfinsa fashewa ce, kusan kashi 35 cikin 100 zafi, tururin nukiliyar da ke fita nan take kuwa kashi 5 kacal. Shi bam ɗin nutron an rage masa fashewa, an ninka masa tururin, wato nutron, 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke fita da gudu daga fashewar nukiliya, domin ya ratsa ƙarfen tankokin Tarayyar Sobiyet ya kashe sojojin da ke ciki. Shugaban Amurka Carter ya jingine ƙera shi a 1978 bayan Turawa sun yi ca, magajinsa Reagan ya ba da umarni a ci gaba a 1981. Gidajen da ke kusa da inda ya faɗa rushewa suke yi. Raina yana ɓaci in na ji ana kiransa bam mai tsabta.

Me tururin ke yi wa jiki, kuma ana warkewa? ('Yar makarantar koyon jinya daga Maraɗi)

'Yata, nutron ba a ganinsa, ba a jin shigarsa. Yana kakkarya ƙwayoyin halitta, ya fi kuma yin ɓarna inda jiki ke yawan sabunta kansa: ɓargo, cikin hanji, saiwar gashi. Da ma'aunin girei muke auna abin da jiki ya sha. Girei 4 zuwa 5 na kashe kusan rabin waɗanda suka sha shi in babu magani. Da farko amai da zawo. Sai mutum ya ji sauƙi na 'yan kwanaki, 'yan uwa su yi ta hamdala, alhali ɓargo ya daina yin jini. Daga nan gashi ya zube, dasashi ya riƙa jini, ƙaramar cuta ta kayar da shi. Wannan sauƙin na yaudara shi ya fi taɓa min zuciya. A Tokaimura ta Japan, a 1999, nutron ya bugi ma'aikata uku a hatsarin masana'antar makamashin nukiliya. Biyu suka rasu, ɗaya bayan kwana 83 a hannun ƙwararrun likitoci. Abin da muke iya yi shi ne ƙarin jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta, allurar farfaɗo da ɓargo, wani lokaci dashensa. Wanda ya tsira ma sai an sa masa ido, don a Hiroshima ta Japan sankarar jini ta yawaita shekaru kaɗan bayan an jefa mata bam ɗin nukiliya a 1945.

Ƙwayar ayodin tana karewa? (Wata uwa daga Kano)

Hajiya, wuri ɗaya tak take karewa: halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Tana hana ta zuƙar gurɓataccen ayodin, irin wanda ya jawo wa yara sankara bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986. Ba ta tare nutron ko kaɗan. Kada ki sha, kada ki ba yara, sai hukumar lafiya ta ce a sha.

To hoton ƙirji fa? Na fara tsoronsa. (Direba daga Damagaram)

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Tururin hoto ɗaya bai wuce abin da jikinka ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kwana goma ba. In likita ya rubuta, je ka yi. Mai juna biyu dai ta faɗa kafin a ɗauka.