Yaushe zan dasa furen wardi a Marwa?

Tambaya: Hajiya, ɗana da ke karatu a Faransa ya ce can da kaka suke dasa wardi, kafin sanyi ya daskarar da ƙasa. Ni fa a nan Marwa?

Amsa: 'Yar'uwa, gaskiya ya faɗa, so suke saiwa ta kama kafin ƙanƙara. Mu kuwa zafin Maris da Afrilu ne abin tsoronmu. Ki dasa a Nuwamba, farkon hunturu. Ki haƙa rami mai zurfin kamu guda, ki gauraya ƙasa da tsohon takin shanu, ɗanye yana ƙona saiwa. Ni nawa a gindin katanga suke, inda rana ke bugunsu da safe kawai. Ki rufe gindin da ciyawa, ban ruwa da yamma. Sai fa ki kula da awaki!