Ta ina zan fara koyar da ƙarfin jan juna tsakanin molekul?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kemistiri a babbar sakandare. Ɗalibaina suna haddace nau'o'in ƙarfin da ke jan molekul zuwa ga ɗan'uwansa, amma idan na tambaye su dalilin da ya sa wani ruwa yake tafasa kafin wani, sai su yi tsit. Ta ina zan ɓullo wa darasin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A ganina, tushen matsalar shi ne ɗalibai ba sa bambance haɗin da ke riƙe zarra da zarra a cikin molekul guda da kuma jan da ke tsakanin molekul da maƙwabcinsa, kuma muddin ba a warware wannan ba, haddar ba za ta amfane su da komai ba. Don haka ki fara da tambayarsu abin da ke cikin kumfar da ke tasowa idan ruwa yana tafasa a tukunya. Wasu za su ce haidurojin da oksijin ne, alhali tururi ne, wato H₂O ɗin nan dai, molekul ɗin sun rabu da juna amma kowane yana nan cikakke. Ki rubuta musu lissafin a allo: mayar da mol ɗaya na ruwa (mol ma'auni ne na yawan molekul) tururi yana cin kimanin kilojul 41, amma tsinka haɗin oksijin da haidurojin a cikin wannan mol ɗin yana buƙatar fiye da kilojul 900.

Daga nan sai gwaji, wanda ba ya buƙatar kayan tsada. Ki ɗiga asiton, wato ruwan goge jan farce, da itanol da ruwa a jere a kan gilashi, nesa da wuta domin biyun farko suna kamawa da sauri. Ɗigon asiton zai shimfiɗe ya bushe suna kallo, na ruwa kuwa zai tsaya a dunƙule. Su fara faɗin dalili da bakinsu kafin ki gaya musu cewa asiton yana tafasa a digiri 56 na ma'aunin Celsius, itanol a 78, ruwa a 100.

Wajen jera nau'o'in, na fi son a fara da ƙarfin London, wato jan da ke tasowa idan ilektoron suka karkata gefe guda na molekul na ɗan lokaci, wanda masanin kimiyya Fritz London ya bayyana a 1930, saboda babu molekul ɗin da ba shi da shi, kuma yana ƙaruwa da yawan ilektoron. Kulorin iska ce, buromin ruwa-ruwa ne, aidin kuwa daskararre ne a zafin ɗaki, domin yawan ilektoron yana ƙaruwa daga na farkon zuwa na ƙarshen. Wannan misalin yana da muhimmanci ƙwarai, domin yana rushe zaton da ake yawan cusa wa yara cewa ƙarfin London kullum shi ne mafi rauni. Ga aidin nan a daskare da shi kaɗai, alhali ruwa yana malala. Koyar da jan da ke tsakanin molekul masu ɓangaren caji biyu ba ya ɗaukar lokaci idan sun riga sun fahimci yadda wasu zarra suke fin wasu janyo ilektoron.

Haɗin haidurojin, wanda shi ma jan ne tsakanin molekul da maƙwabcinsa, ya zo a ƙarshe, tare da sharaɗinsa cewa haidurojin ɗin yana manne da naitirojin, oksijin ko fulorin. H₂S, wato haidurojin salfaid, ya fi H₂O nauyi, 34 da 18, amma yana tafasa a wajen digiri 60 ƙasa da sifiri, domin ba shi da haɗin haidurojin irin na ruwa. Don auna fahimtarsu, ki ba su itanol da daimetil ita, waɗanda yawan zarrarsu ɗaya ne, wato C₂H₆O, ki ce su zana molekul uku-uku na kowane, su nuna jan da layin ɗige-ɗige, sannan su bayyana dalilin da ya sa na biyun yake iska a zafin ɗaki.