Digirin akcuwari da jarrabawar ƙwararru: yaushe ya kamata ɗalibi ya fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a sashen akcuwari da inshora na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Na ji ana cewa digiri kaɗai ba ya sa a kira mutum akcuwari. Shin in fara jarrabawar ƙwararru tun yanzu, ko in bari sai na gama hidimar ƙasa? Kuma mahaifina na damuwa da batun riba a wannan aiki.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka ji gaskiya ne. Digiri zai ba ka tushe, amma sunan akcuwari, wato masanin lissafin haɗari da kuɗi a harkar inshora da fansho, sai ƙungiyar ƙwararru ta ba ka shi bayan ka ci jarrabawarta mataki-mataki. Biyu ne ɗalibanmu suka fi bi: IFoA ta Birtaniya, wadda ta samu a 2010 bayan haɗewar tsofaffin ƙungiyoyin Ingila da Sikotland, da kuma SOA ta Amurka. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta.

Shawarata ka fara yanzu. Dalilina shi ne takardun farko daidai suke da abin da ake koya maka a aji biyu da uku. A SOA akwai P, lissafin yiwuwar aukuwar abu, da FM, lissafin kuɗi da kuɗin ruwa. A IFoA kuwa CS1 da CM1 ne suka fi kusa da su, kuma ana zama a watan Afrilu da Satumba. Yau kalkulas yana kanka ɗanye shar. Ka bari sai ka gama hidimar ƙasa, ka kama aiki, wataƙila ga iyali, to sai ka koma ka sake koyon abin da ka riga ka sani, da dare, a gajiye.

Sai dai kada ka auna ta da jarrabawar jami'a. Takardar P tambaya 30 ce cikin awa 3, wato minti 6 ga kowace. Ba a ba ka maki don ka kama hanya. Ko ka dace da amsa ko ba ka dace ba. Masu harkar kan ce kowace awa ɗaya ta jarrabawa tana cin kimanin awa 100 na karatu. Saboda haka haddar rubutun malami ba za ta kai ka ba. Ka samo tambayoyin gwaji da SOA ke sakawa kyauta a shafinta, ka ajiye agogo a gabanka, ka yi ta warwarewa har hannunka ya saba. Wadda ka faɗi, ka rubuta dalilin faɗuwar a wani littafi daban, ka dawo mata bayan mako guda. Ka kuma koyi Excel da R, manhajojin lissafi na kwamfuta, da kyau, domin IFoA tana gwada su kai tsaye: R a CS1, Excel a CM1.

Kuɗin rajista da dala ko fam ake biya, kuma ka san yadda naira take. Kada ka biya sai kana cin tambayoyin gwaji cikin lokaci. IFoA tana da rangwame ga masu ƙaramin samu, ka duba sharuɗɗansa.

Batun Baba kuwa, ka zauna da shi ka nuna masa ainihin aikin. Mu ce mutum 1,000 ne masu shekara 40 suka haɗa asusu, kuma ƙididdigar shekarun baya ta nuna kusan 5 ke rasuwa a shekara. In za a ba iyalin kowane mamaci naira miliyan 1, ana buƙatar miliyan 5, wato naira 5,000 a kan kowa, kafin a ƙara kuɗin gudanarwa da ajiyar ko-ta-kwana saboda shekarar da mace-mace suka zarce zato. Akcuwari ba ya cewa wane zai mutu, wannan sanin na Allah ne. Yana auna abin da ya kamata a tanada ne don kada asusun ya gaza ranar da marayu suka zo karɓa.

Wannan lissafin shi ne takaful, wato inshorar Musulunci, ke buƙata. Tun 2013 hukumar NAICOM mai kula da inshora a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki a ƙarƙashinsu. Ba zan ɓoye maka ba, za ka karanta lissafin kuɗin ruwa sosai, domin babu hanyar kauce masa a manhaja. Hukuncin inda za ka yi aiki da shi kuwa, ku kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ku je tare da Baba. Ni dai abin da ke damuna shi ne ƙarancin 'ya'yanmu da suka haɗa wannan ilimi da sanin mu'amalar Musulunci, alhali fansho da inshorar lafiya da takaful duk suna jiransu. Ka sa ranar zama P ko CS1 kafin ka shiga aji huɗu. Allah Ya ba da sa'a.