Magaryar da ta lalace a buhu

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa buhun magaryar da ka ajiye tun farkon sanyi ya lalace, alhali sai da ka shanya ta kafin ka ɗura. Sama ta zama gari, ƙasa ta dunƙule tana warin tsami, kai kuma buhun kake zargi. Buhun yana da nasa laifi, amma kaɗan ne. Cuta biyu ce ta haɗu maka, kuma duka biyun da su ka shigo da ita shago.

Ta farko ƙwari. Akwai wani ɗan ƙuda da ke saka ƙwai a ƙarƙashin fatar magarya tun tana bisa, ba ta gama nuna ba. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta yi ta cin naman, daga waje kuwa ba abin da za ka gani sai ɗan ɗigo kamar bakin allura. In ta fice ta bar rami, ta nan ruɓa ke shiga, ta nan kuma ƙwarin ajiya ke samun hanya, irin masu barin yana a bakin buhu. Wadda ta faɗo ƙasa da kanta ta fi kowace ɗauke da wannan, ita kuwa yara suka fi tsintowa don ba sai sun sha ƙaya ba. Saboda haka in mata sun kawo daga wajen Tibiri ko Gidan Rumji, kada ka tsaya kan kuɗin tiya kawai. Zura hannu har gindin ƙwarya, ɗebo daga can, ka fasa ƴan kaɗan da haƙori. In kana ta cin karo da baƙin gari a ciki, wannan ta sayarwa ce yau da gobe. Saya da arha in kana so, amma kada ta kusanci ta ajiya.

Ta biyu damshi, kuma nan ne yawancin yara ke faɗuwa, don magarya ta iya yaudara. Kwana kaɗan a rana fatar za ta yi ja ta yanƙwane, ka ce shi ke nan, alhali naman da ke manne da ƙwallo yana nan da ruwansa. Damƙi cikin hannu ka matse sosai, ka buɗe. In ta watse tana ƙaras-ƙaras, ta yi. In ta tsaya a dunƙule ko da na ɗan lokaci ne, mai da ta rana. Ka kuma tauna ɗaya: busasshiya tana gutsurewa ta zama gari a baki, wadda ba ta kai ba tana liƙe wa haƙori. Shanyar ma da yadda ake yin ta. A kan tabarma ko tamfol, a baje ta ba a tara ba, ana motsawa da hantsi da azahar, a kwashe kafin magariba saboda raɓa, musamman in wajen gulbi kake. Ranar da hazo ya rufe gari kada ka sa ta a lissafi. Kuma kada ka ɗura ta da zafin rana a jikinta, bar ta ta huce a inuwa, in ba haka ba za ta yi gumi a cikin leda.

Akwai dabarar da masu wake ke yi wadda nake so ka koya. A shimfiɗa baƙar leda, a baje kayan a kai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe bakin, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwaro da ƙwansa. Bayan ta bushe ake yi, ba kafin nan ba, don ɗanya dafuwa za ta yi.

Sai buhu. Wanda na fi yarda da shi shi ne mai ninki uku, wanda ake ce wa PICS. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007 saboda wake, kuma masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a nan Maradi suna cikin waɗanda suka yi aikin gwada shi. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhun saƙa. Ka cika ta ciki, ka matse iskar, ka murɗe baki ka ɗaure, sannan ta biyu, sannan na waje, kowane da ɗaurinsa daban. Ƙwaron da ya rage yana shanye ɗan iskar da ke ciki, daga nan ya daina ci ya mutu. Amma ledar da ta hana iska shiga ita ce ke hana damshi fita. Ka ɗura mai sauran ruwa, to abin da ka gani a gindin naka shi za ka sake gani, har ya fi. Ɗora shi bisa katako, nesa da bango, ka yi maganin ɓera, don huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Kuma ban da yawan buɗewa don nuna wa masu taya.

Fiya-fiya da ƙwayar nan da wasu ke jefawa cikin wake, kada in gan su kusa da kayanmu. Wake ana wankewa a dafa. Magarya kuwa yaro ne zai saya a ƙofar makaranta ya watsa a baki yadda take.

In za ka yi gari, ajiye ta da ƙwallonta, ka riƙa dakawa gwargwadon ciniki. Daka marar ƙarfi ake yi a turmi don naman ya rabu ba tare da ƙwallon ya fashe ba, a tankaɗe a rariya. Garin ya fi tsabarta saurin jan damshi, musamman daga watan Mayu in iskar damina ta fara kaɗawa, sai ka tarar ya curu. Masu yin akuri, wato curin garin magarya, su ma sabon daka suka fi so.

Duk wannan magana ta magaryar daji ce. Ta aure, wato wadda ake haɗa reshenta a jikin ta daji, babbar nan mai ruwa da aka samo irinta daga Indiya, wadda cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore ta yi ta yaɗawa da sunan fom du Sahel, ba kayan buhu ba ce. Ɗauko abin da za ka iya sayarwa cikin kwana kaɗan, ka sa a kwando a inuwa.

Naka kuma, gobe da safe ka zazzage shi a waje. Wadda ta dunƙule ta yi furfura haƙa rami ka binne, ko akuya kada ka ba. Sauran mu tsince tare, abin da ya fita lafiya ya koma rana, kuma shi za mu fara sayarwa ranar kasuwa.