Amsa: Shirun da yayarki ta yi bayan an gano tana da sankarar gidan ƙwai

'Yar'uwa, Allah ya ba yayarki lafiya. Kin tambaya ko shirun da ta yi da ƙin cin abinci, tun da aka gano tana da sankarar gidan ƙwai, alama ce ta raunin tawakkali. A ganina ba haka ba ne, kuma ina roƙonku da kada ku faɗa mata haka.

Wannan cuta takan ɓuya a bayan kumburin ciki da saurin ƙoshi, shi ya sa sau da yawa ba a gano ta sai ta yi nisa. Maganinta yakan haɗa da tiyatar cire gidan ƙwai da mahaifa, sannan ƙarin ruwan magani duk bayan mako 3, wanda ke zubar da gashi ya kuma karya jiki. Macen da ta rasa haihuwa da gashinta a lokaci guda, a garin da ake yawan tambayar mace 'ya'yanta nawa, tana ɗauke da nauyin da mai dubiya ba ya gani.

Idan baƙin cikin ya wuce mako 2, ga rashin barci da yanke ƙauna, to yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ku sanar da likitanta, domin asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan ta ambaci mutuwa a matsayin hutu, kada ku jira ranar ganin likita.

A gida kuwa, ku raba aiki: wata ta raka ta asibiti, wata ta riƙe girki da yara. Ku rage cincirindon 'yan dubiya, musamman masu labarin wance da ta rasu, ku bar mata mutum ɗaya da za ta yi kuka a gabansa ba tare da an ce ta yi shiru ba.