Daga Sakkwato zuwa Jidda: nisa da tsawon tafiya a jirgi

Malam, ka tambayi nisan da ke tsakanin filin jirgin Sultan Abubakar III da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, da awa nawa Hajiya za ta yi a sama. In aka ja layi miƙe, nisan ya kai kusan kilomita 3,700. Babban jirgin fasinja da ke cin wajen kilomita 850 a awa zai kai ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, idan bai ya da zango a ko'ina ba. Madina ta ɗan fi nisa, da kilomita ɗari da 'yan kai.

Sai dai wannan lissafin na hanyar da ta ratsa ta Nijar, Chadi da Sudan ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru da kamar awa biyu. Don haka ka shirya mata da lissafin awa shida zuwa bakwai, maganinta na cikin jakar hannu, kada ya tafi cikin akwati. Kuma agogon Saudiyya na gaban namu da awa biyu, lokacin sauka da ke jikin tikiti kuwa da agogonsu ake rubuta shi: jirgin da ya tashi ƙarfe goma na dare ya yi awa shida, tikiti zai nuna shida na safe, alhali a Sakkwato ƙarfe huɗu ne na asuba.