Jariri da Sanyin Hunturu: Amsoshin Likita

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, kusan duk wasiƙun da ke shigo mini a kan jarirai ne. Ga waɗanda na zaɓo.

Wata mai jego daga Gumel: Likita, ba mu da ma'aunin zafin jiki. Yaya zan gane jaririna na jin sanyi?

Ki ɗora bayan hannunki a cikinsa, sannan ki taɓa tafin ƙafarsa. In duka da ɗumi, lafiya lau. In ciki da ɗumi amma ƙafa ta yi sanyi, ki manna shi a ƙirjinki ki ba shi nono. In duka biyun sun yi sanyi, a kama hanyar asibiti nan take yana ƙirjinki, kada a jira gari ya waye.

Wani magidanci daga Maraɗi: Hula dole ce ko a cikin ɗaki?

Dole ce, Malam. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, ta nan ɗumi ke saurin zurarewa. Hula da safa, dare da rana.

Wata amarya mai haihuwar fari: Yau kwanana uku da haihuwa a gida. Ana haihuwar yaron aka yi masa wanka, wai kada ya tashi da ƙarni. Da dare uwar mijina na shigo da kaskon garwashi ta rufe ƙofa da taga don kada sanyi ya kama shi. Ni kuma kullum da ciwon kai nake tashi. Ina jin nauyin yi mata magana.

'Yar uwa, wasiƙarki ta tayar mini da hankali. Kaskon nan kada ya sake kwana a ɗakinku, daga daren yau. Garwashi na fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ko garwashin ya yi jajir babu hayaki ko kaɗan, tana fita. In ta shiga jini sai ta tare wurin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Ciwon kan da kike tashi da shi na iya zama alamarta. Ke babba kenan, ina ga ɗan kwana uku da ba ya iya cewa komai? Shi barci kawai zai yi ta yi, a ce yaro ne mai haƙuri. Duk shekara sai mun ga irin wannan, kuma wallahi abin na ci mini rai, domin ƙauna ce ta sa aka kawo wutar.

Na san ba za ki iya duban idon surukarki ki faɗa ba. Ki gaya wa maigida, ko ki roƙi ungozoma ta je ta ce, "Inna, likita ya hana." A ɗora laifin a kaina. Inna ta yi daidai da ta ji tsoron sanyi, hanyar ce ba daidai ba.

Batun wanka kuwa, ya riga ya wuce, amma saboda na gaba. Jariri na fitowa ne daga ciki mai ɗumi, jikinsa a jiƙe. Ba ya iya rawar ɗari kamar ni da ke. In ya ji sanyi, ɗan kitsen da ke jikinsa da sukarin jininsa yake ƙonawa. In suka ƙare sai ya yi laushi ya kasa tsotso, rashin tsotso kuma ya ƙara masa sanyi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24. Farin maiƙon da ke jikinsa ba ƙazanta ba ne, kariya ce ga fatarsa, kuma barinsa ba ya jawo warin jiki. A goge shi da busasshen zane, a ajiye wannan, a rufa masa wani.

Na taɓa karɓar wani jariri da asuba, an naɗe shi da zannuwa uku har da bargo. Da na warware, na can ciki shi ne wanda aka goge shi da shi bayan wanka, a jiƙe sharkaf. Ƙafarsa kamar ruwan randa. Muka kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, Allah Ya sa kafin hantsi ya kama nono.

Yanzu in za a yi wa naki wanka, a bari sai rana ta take, da ruwa mai ɗumi, a yi sauri. Kuma ku je asibiti a duba ku, ke da shi. In ya ƙi nono, ko yana nishi, ko numfashinsa na sauri, ko jikinsa ya saki, kada ku tsaya shawara da kowa.

Wata ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye: Ba mu da kwalbar jarirai, wuta ma sai an ga dama. In aka haifi bakwaini me za mu yi?

Sannu da ƙoƙari, abokiyar aiki. Kina da ƙirjin uwa. A tsayar da jariri tsakanin nonuwanta, fata da fata, daga shi sai hula da safa da ƙyallen kunzugu, a juya kansa gefe don hanci ya sarara, a ɗaure da zanen goyo, ta sa riga a kai. Goyo ne dai, amma ta gaba. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. A wani bincike da aka fitar a 2021, wanda har da asibitin koyarwa na Ile-Ife a ciki, fara wannan goyo nan da nan ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kusan kashi 25 cikin 100. A yi aƙalla awa 8 a rana, in da hali dare da rana. In uwa ta gaji, uba ko kaka su karɓa.

Ki riƙa gwada zafin jikinsa, ana son ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Celsius. Ɗumin ɗakin haihuwa kada ya gaza digiri 25, a kashe fanka, a sa labule. Kada ki jingina masa gorar ruwan zafi, fatarsa ba ta da kauri, ƙonewa zai yi. Wanda ba ya iya tsotso a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi. Mai wahalar numfashi ko ƙanƙani sosai ki tura shi babban asibiti, yana manne a ƙirji duk tsawon hanya.

Wata kaka daga Katsina: Muna shafa wa jikana man zafi, muna gasa masa cibiya da tsumma don sanyi.

Haba Hajiya! A daina, don Allah. Man zafi ba ya ƙara ɗumi, yana iya wahalar da numfashinsa. Gashi kuma na ƙona fata ya kai wa cibiya ƙwayoyin cuta. A karɓo kulohekzidin, maganin shafawa a cibiya mai kashe ƙwayoyin cuta, a asibiti. A kuma cire kafur daga kayansa, yana jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. In idonsa ya yi rawaya, ko gindin cibiya ya yi ja yana wari, a kai shi asibiti a ranar.